Hoton da Kalilu Ya Wanke

Kalilu yana cikin cire wa wani ɗan kasuwa ƙuraje daga goshi a hoto, har ya kusa gangarowa gemu, sai wani hannu ya ratso ta kafaɗarsa ya zube wani abu a kan maɓallan kwamfuta. Da farko ya ɗauka shara ce. Sai da ya duba da kyau ya ga tsiron gero ne, 'yan guntaye da ba su kai tsawon yatsa ba, sun bushe sun murɗe, da sauran ƙasa a jikin saiwarsu.

Ya waiga. Yayarsa ce Tasalla, tsaye da ƙurar hanya har gwiwa. Ba ta yi sallama ba, ba ta gaida mai ƙurajen da ke zaune kan benci yana jiran a mayar da shi saurayi ba. Kalilu ya ba mutumin haƙuri ya ce ya zaga kasuwa ya dawo, ya jawo mata kujera. Ta ƙi zama.

Ranar kasuwar Sabon Birni ce, ko da yake kasuwar bana sunanta kawai ya rage. Shagon Kalilu yana daf da tashar 'yan babura, ɗaki ɗaya mai labule da hoton wani lambu da babu irinsa a duk ƙasar Gobir. A gaban labulen nan ake tsayawa, sauran aikin kuma na kwamfuta ne. Wanda ya shigo da rama yakan fita da kumatu, wanda ya shigo da tsohuwar riga a goge masa ita ta koma sabuwa. Shekara uku ke nan damina tana yi wa mutane rowa, amma a hotunan Kalilu ba wanda ya taɓa yin yunwa.

Tasalla ta ce binnen garinsu Tudun Labbo ya mutu. Ba na gona ɗaya ba, ba na biyu ba, na garin gaba ɗaya. Gida arba'in da ɗaya suka zuba irinsu a busasshiyar ƙasa suna jiran sama, saboda Baba ya ce a zuba. Aka yi kwana tara, ruwa ya sauko sau ɗaya, daidai wanda zai ruɗi ƙwaya ta fasa ta leƙo. Daga nan sama ta rufe bakinta. Yau kwana goma sha shida rana tana gasa abin da ya fito, ga shi nan a kan maɓallansa. Ta ce Maigari ya tara mutane bayan La'asar, kuma an aiko wa Baba ya zo da sungumi.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta sa Kalilu ya saki linzamin kwamfuta. A Tudun Labbo ba a shuka sai gidansu ya sara ramin farko. Akwai wani tsohon sungumi mai doguwar ƙota, da ya baƙanta don shan hannu, wanda kakan kakansu ya fito da shi tun zamanin da aka watse daga Alkalawa. Mai riƙe da shi shi ke duban Kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da ke curewa wuri ɗaya, a 'yan kwanakin ƙarshe kafin su faɗi yamma su ɓace. In ya duba ya ce a binne iri, sai a binne. In ya ce a dakata, ko hadari ya taru kamar zai fashe ba mai taɓa rumbu. Ba duba ba ne, ba tsafi ba. Mahaifinsu Bawa yakan ce ruwa na Allah ne, shi dai an nuna masa inda ake ganin alama. Shekara arba'in da wani abu yana wannan aiki ba a taɓa kama shi da kuskure ba, har sunansa ya koma Bawa Mai-Sungumi. In an ce ya zo da sungumin gaban jama'a, to karɓewa za a yi.

"Mi Baba yac ce?" Kalilu ya tambaya.

"Mi za shi cewa? Kwana ukku ba shi cin abinci. Shina zaune zaure shina magana shi ɗai, awa wanda ya zautu." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Abu guda yaka ta maimaitawa. Wai sama tas take, babu ja ko kaɗan ƙarƙashin Kaza, ɗiyanta bakwai duk sun fito. Wai shekarar da za ta yi ƙarya, jan nan shika tasowa shi rufe ƙanana biyun. Wai shi da idonai ya ƙirga su bisa hotonka."

Kalilu bai taɓa jin wannan magana ba sai yau. A gidansu ba a faɗa wa kowa abin da ake dubawa sai ɗan da ya zauna a gona, shi kuwa tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya bi mai hoto. Wansa Jibrilla ne aka koya wa. Jibrilla kuwa shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Gatawa, aka dawo da shi a kan amalanke. A wannan shekarar ce kuma yanar ido ta fara kama tsohon, har ya zama ba ya ganin komai sai abin da aka kawo masa daf da hanci. Bara ya lallaɓa ya ce a dakata, aka dakata, ya dace. Bana ya kira Kalilu ya ce masa kalma uku kacal: a ɗauko masa Kaza. Bai ce ga abin da yake nema ba. Shi ma Kalilu bai tambaya ba, don a gidansu ba a tambayar wannan.

Ya ce wa Tasalla ta je ta sha ruwa wajen mai fura ta dawo. Tana fita ya tura ƙofa.

Abin haushin shi ne ya yi aikin nan da dukkan zuciyarsa. Ya daɗe yana sha'awar hoton sama. A waya ya koya, wajen wasu mutane na ƙasashe daban-daban da ke ɗaukar taurari suna nuna wa juna. Ranar da Baba ya aike shi, ya hau soron masallaci ana idar da Magariba, don ba mai fita yammacin gari da almuru yanzu. Ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya bar idonta a buɗe, ya ɗauka sau ashirin. Da ya dawo shago ya buɗe, sai ransa ya ɓaci. Hotunan sun fito da datti. Wani ja mai kauri ya taso daga ƙasa kamar ruwan kududdufi, taurarin sun yi dishi-dishi, biyu daga ciki ma sai ka ƙura ido kake zargin suna nan.

Maigidansa da ya koya masa sana'a yana da doka ɗaya: hoton da ba a gyara ba ba ya ƙetare ƙofar shago. Ko na fasfo ne, ko na gawa. Balle wannan, karo na farko a rayuwarsa da mahaifinsa ya nemi wani abu daga sana'ar da ya daɗe yana kira wasan yara. Kalilu ya rufe shago yini guda, ya kori masu aure biyu. Ya ɗora hotuna ashirin ɗin ɗaya bisa ɗaya a cikin manhajar gyaran hoto har suka zama guda. Ya ja wani layi ya rage ja, ya ƙara ja har jan ya mutu. Ya ja wani ya zurfafa baƙin sama. Ya share tsakuwa-tsakuwar da ke fitowa a hoton duhu. Sannan ya matso da ƙananan taurarin nan biyu har suka cika allo, ya ɗiga wa kowace haske, a hankali, kamar mai sa wa jariri kwalli. Da ya gama, sama ta fito baƙa wuluk, Kaza da 'ya'yanta bakwai suna ƙyalli. Ya wanke shi babba, ya sa a gilashi. Ya tura wa mutanen nan na waya, wani daga wata ƙasa mai sanyi ya rubuto cewa bai taɓa ganin sama mai tsabta haka ba.

Baba ya riƙe hoton a bakin zaure, ya bi shi da yatsa, ya ƙirga sau uku. Ya ɗaga kai ya ce, "Ashe aikin naka aiki na." Kalilu ya yi sati yana jin daɗin wannan magana.

Yanzu ya buɗe inda yake ajiye hotuna yadda suka fito daga kyamara, don shi ba ya zubar da na asali. Ga shi nan. Jan yana nan inda ya same shi, ya haura har ya taɓa Kazar. Ya ƙirga 'ya'yan. Biyar.

Ya daɗe yana kallo. A waje 'yan babura suna ta kiran masu zuwa garin Isa, saura mutum ɗaya. Yatsansa ya je kan maɓallin gogewa ya tsaya, kuma ƙarya ne a ce bai yi tunanin dannawa ba. Ba wanda ya sani, ba wanda zai taɓa sani. Tsoho in ya yi kuskure a ce tsufa ne, a karɓi sungumi, a ci gaba da gaishe shi. Amma ƙato mai shekara talatin da biyar da ya zauna a inuwa yana wasa da linzami har ya kashe irin gida arba'in da ɗaya, wannan ba a san abin da mai yunwa zai yi masa ba. Matarsa 'yar garin ce. Rabin masu shigowa shagon nan 'yan garin ne. A ɗaya gefen kuma ga wani tsoho a zaure yana ƙirga taurari bakwai a ransa, yana neman inda ya ɓata, ba zai kuwa taɓa samu ba, don ba shi ya ɓata ba. Abin da ya rage wa Bawa a duniya ke nan, a ce bai taɓa kuskure ba. Ɗansa ya tafi, idonsa ya tafi, shanun gidan tun bara aka kora su daji.

Kalilu ya janye yatsansa. Ya kunna firinta, ya fitar da hoton yadda yake, da dattinsa da komai. Wannan ne hoto na farko da ya taɓa fita shagon ba gyara.

Da Tasalla ta dawo ya nuna mata, ya faɗa mata komai a tsaye. Ba ta yi ihu ba. Ta kalli takardar, ta kalle shi. Ita ma gonar marigayin mijinta tana cikin arba'in da ɗayan, irin da ta zuba kuwa shi ne wanda ta hana 'ya'yanta ci tun watan azumi. Ta ce masa kawai ya tashi babur, rana tana yi.

Hanyar Tudun Labbo ba ta da nisa, amma ba mai binta da natsuwa. Sun wuce shingen 'yan sa-kai biyu, suka bi ta gefen gulbi da ya koma yashi. Daga nan sai gonaki. Kalilu ya so ya tsare idonsa a kan hanya, abin ya gagara. Layi-layi ne na ramuka, a miƙe, an sara su da kyau, kowane rami da ɗan baƙin abu a kwance a bakinsa. Wata tsohuwa tana durƙushe tana tona ramukan ɗaya bayan ɗaya, ko za ta sami ƙwayar da ba ta fasa ba. Har suka isa Tasalla ba ta riƙe shi ba, ko a wurin gargada.

Sun tarar da Baba a bakin zaure, inda haske ke faɗowa, sungumin a jingine kusa da shi. Ya rame ƙwarai. Kalilu ya durƙusa ya gaishe shi, ya rasa ta inda zai fara, sai kawai ya sa masa takardar a hannu. Tsohon ya kai ta daf da fuska, ya karkata ta wajen haske. Ko numfashi uku bai yi ba ya nisanta ta.

"Wagga ta wace shekara ta? Wagga ai shekarar yunwa ta. Wanda duk yaz zuba iri bisa wagga sama ya zubar."

"Ta bana ta, Baba."

"Ta bana na gani. Tana ɗaka rataye."

"Dare guda na, Baba. Hoto guda na. Wanga shi na yadda kyamara tag gani. Wancan kuwa ni nig gyara shi."

Tsohon ya sake kai takardar ga ido, ya sa yatsa a kan jan, ya bi shi daga ƙasa zuwa sama.

"Wanga jan, ina kak kai shi?"

"Na wanke shi."

"Don mi?"

Kalilu ya nemi amsar da ta fi wadda yake da ita, bai samu ba. Ya ce, "Don shi yi kyau."

Ya so a ce tsohon ya ɗauki ƙotar sungumi ya rafka masa. Da ya fi sauƙi. Amma Bawa ya ajiye takardar a cinya, ya shafa ta da tafin hannu kamar mai lallashin dabba. Da ya buɗe baki ba zagi ya fito ba. Ya ce shekara biyu yana ɗauke da maganar jan nan a baki, kullum sai ya ce gobe zai faɗa wa Kalilu, sai ya tuna ba a ba wanda ya bar gona, sai ya haɗiye. Ya ce da Jibrilla ne da ba a bukaci hoto ba. Bai faɗa don ya soka ba, amma ta soka. Sannan ya ce Kalilu ya naɗe takardarsa ya koma Sabon Birni tun da sauran rana, shi ya riga ya tsufa, abin da za a karɓa a hannunsa ba shi da yawa. Kalilu ya ce ba inda za shi. Wannan ne karo na biyu da ya ƙi bin maganar mahaifinsa, na farkon shi ne ranar da ya ajiye fartanya.

Bayan La'asar aka taru a ƙofar Maigari Alhassan. Ba a yi hayaniya ba, mutanen da suka kwana biyu ba su ƙoshi ba ba su da ƙarfin ta. Magidanta suka zauna a kan tabarmi da buzaye, mata suna leƙe ta bayan danga. Maigari mutum ne mai sanyin hali, ya yi ta zagaye-zagaye, ya yabi kakannin Bawa, ya yabi Bawa, ya ce kowane ɗan Adam yana da ranar da ƙarfinsa ke ƙarewa. Kowa ya san inda maganar ta nufa. Kafin ya isa can Kalilu ya miƙe ya nemi izini.

Ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ɗaga mai gilashin a hannun dama, wanda duk garin suka gani suka yaba, ya ɗaga na asalin a hagu. Ya ce Baba bai yi kuskure ba, abin da aka nuna masa ya karanta. Ya ce yau da aka ba shi na gaskiyar, nan take ya ce shekarar yunwa ce, Tasalla shaida. Ya ce in akwai wanda ya kashe irin garin nan to shi ne, ga shi tsaye, a yi masa abin da aka ga dama, amma a bar wa tsoho sungumi. 

Aka karɓi takardun biyu suna yawo hannu zuwa hannu. Kalilu ya tsaya yana jiran duka, ko tofin yawu, ko a ce ya bar garin. Ya shirya wa duk wannan. Abin da bai shirya wa ba shi ne murmushin Lawwali.

Lawwali ɗan Ɗanmusa sa'ansa ne, tare suka yi kiwon awaki, yanzu shi ne mai bakin magana a cikin magidanta matasa, ga shi da rediyo kullum a kafaɗa. Ya riƙe mai dattin da yatsa biyu, ya juya wajen Maigari.

"Ranka shi daɗe, kowa nan ya shiga ɗakina. Kun ga hoton aurena. Wa ke tsaye kusa gare ni, da hannu bisa kahwaɗata? Ubana Ɗanmusa. Shekara tara da rasuwatai anka yi auren nan. Wa yat tashe shi yat tsai da shi wurin? Wanga Kalilu na."

Aka yi 'yar dariya, ta farko a yinin. Wani ya ce shi ma Kalilu ya taɓa goge masa zanen fuska tas, har matarsa ba ta gane shi ba. Wani ya ce shi an ajiye shi a gaban jirgin sama, ko tashar jirgi bai taɓa gani ba.

"To wanda ka iya wanga," in ji Lawwali, "shahwa ma hoto jan ƙasa da sahe, shi ɓoye tauraro biyu, wani aiki na gare shi? Wata guda muna kallon wancan, ba wanda yac ce akwai wani. Sai yau da anka ce a kawo sungumi."

Kalilu ya ce akwai kwanan wata a jikin katin kyamara, a zo a gani. Lawwali ya tambaye shi, cikin ladabi, ko kwamfutar da ke tada matattu ba ta iya rubuta kwanan wata. Kalilu ya ce ya rantse da Allah. Liman ya ɗaga hannu da sauri ya ce kada ya rantse, bai kamata tausayin uba ya kai mutum ga wannan ba. Tasalla ta yi magana daga bayan danga, aka ce ai 'yarsa ce ita ma. Duk ƙofar da Kalilu ya taɓa sai ya tarar shi da kansa ya toshe ta tun shekarun baya, hoto bayan hoto, mutane suna biyansa suna godiya.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba wanda ya yi fushi da shi. Wani dattijo ya share hawaye ya ce a zamanin nan samun ɗan da zai ɗauki laifin gari ya aza a kansa don ubansa sai an tona. Aka yi ta sa masa albarka. Maigari ya ce Allah ya ba kowa ɗa kamar Kalilu, aka shafa. Sannan ya juya wajen Bawa ya ce, a hankali, Baba a huta hakanan.

Bawa ya dafa ƙasa ya miƙe, ya lalubi bangon Maigari, ya jingina sungumin. Hannunsa ya ɗan daɗe a kan ƙotar kafin ya saki. Kafin a watse Lawwali ya ce rediyo ta ce akwai ruwa cikin sati mai zuwa. Aka yanke cewa kowa ya fasa abin da ya rage masa na ci, ya ware iri, ruwa na sauka a sake shuka, kada a tsaya jiran kowa.

Kalilu ya riƙe hannun mahaifinsa suka koma gida, mutane suna dafa kafaɗarsa a hanya. Bai taɓa jin ƙyamar hannun mutum a jikinsa kamar yau ba.

A bakin zaure tsohon ya ce a miƙo masa takardar nan, mai dattin. Rana ta yi ƙasa, hasken ya yi laushi. Ya daɗe a kanta fiye da ɗazu, yana auna jan da faɗin yatsunsa, daga gindin takarda zuwa inda Kazar take. Sannan ya kira Kalilu ya matso, ya kama yatsansa ya ɗora a wurin, ya yi masa bayanin da ba a taɓa yi wa wanda ya bar gona ba. Ya ce in jan ya tsaya ƙasa da Kaza, ruwan ƙarya ɗaya ake yi. In ya hau bayanta kamar wannan, biyu ne. Sau biyu ya taɓa ganin haka a rayuwarsa, kuma duk biyun ruwa na uku ne ya zauna.

"Wanda rediyo ka hwaɗi shina zuwa," ya ce. "Za shi zuba, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa shi yi murna. Shi na na biyu. Wanda yas shuka bisa shi, abincin ɗiyanai yab binne."

"In hwaɗa musu, Baba?"

"Tahi ka hwaɗa."

Ya faɗi haka ne ba tare da ya ɗaga kai ba. Kalilu ya fita da sauri, don ya riga Magariba. Ya fara da gidan Lawwali, tunda shi ake saurare yanzu. Tun daga waje ya ji ƙarar turmi. A tsakar gida an kwance dami ɗaya na geron ci, matar Lawwali tana sussuka, yara uku suna tsugune suna kallon turmin. Lawwali ya fito ya saurare shi har ƙarshe, bai katse shi ba ko sau ɗaya. Da Kalilu ya gama, sai ya kama hannunsa da hannu biyu ya riƙe.

"Kalilu, ka yi iya naka, kowa ya gani. Tahi ka samu Baba shi ci abinci."

Ya raka shi har bakin ƙofa. Kalilu bai kai ga gida na gaba ba ya ji muryarsa daga ciki, yana ce wa matarsa ta fiddo ɗayan damin ma.